Na rage kilo 7 a wata ɗaya sun dawo har da riba, ina matsalar take?

Wata 'yar uwa ce ta turo tambaya, tace shekarunta 36, yara uku, tsawonta mita 1.62. Da tana kilo 92, sai ta yanke shinkafa da burodi da duk wani abu mai sitaci, ta koma cin abinci sau ɗaya a rana ga shayin rage ƙiba safe da dare, cikin wata ɗaya ta sauko 85. Bayan wata huɗu ta hau sikeli taga 94. Karo na uku kenan ana haka. Tana so ta san ko jikinta ne ya lalace ko ita ce ba ta da juriya, sannan wane motsa jiki ne yake cire tumbi.

Toh 'yar uwa, bari in fara cire miki wannan zargin da kike wa kanki, jikinki bai lalace ba kuma juriya kam kina da ita har tayi yawa, macen da ta iya wata guda cur tana cin abinci sau ɗaya ga yara uku ga hidimar gida ai ba za a kira ta raguwa ba. Tsarin da kika ɗauko ne ba na zama ba. Aikina kenan, shawarar abinci ga masu ƙiba da masu ciwon suga, kuma wallahi labarinki na ji shi sau ba adadi, sunan shayin ne kawai yake canzawa.

Kilo 7 ɗin nan da kika gani sun tafi, kaso mai yawa a ciki ba kitse bane. Jiki yana ajiye sitacin da muka ci a hanta da tsoka, ana kiran ajiyar gilaikojin, ta kan kai wajen giram 400 zuwa 500, kuma duk giram ɗaya yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Kina yanke sitaci jiki zai cinye wannan ajiyar cikin 'yan kwanaki ruwan ya bi fitsari ya fita, kinga kusan kilo 2 sun tafi tun ba a taɓa kitse ba. Ki ƙara da abin da shayin ya wanke daga hanji, sai tsokar da jiki ya ci saboda yunwa. Shi kuwa kitse na gaskiya kilo ɗaya yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700, in kika lissafa kilo 7 na kitse zalla a kwana 30 sai an samu giɓin kalori kusan 1,800 kullum, wanda ya kusa duk abin da mace take ƙonawa a yini. Shi yasa ranar da kika koma cin shinkafa sikeli ya yi tsalle da kilo 2 cikin kwana uku hankalinki ya tashi kika ce aikin banza kike kika watsar, alhali ruwa ne ya koma mazauninsa.

Sauran kilon da suka dawo har da riba kuma nan ne maganar take. Jiki bai san kina rage ƙiba don lafiya ko don kaya su shige ki ba, shi a ganinsa fari aka shiga, sai ya tashi kare kansa. Kitse yana fitar da wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a jiki, da ake kira leftin, a 1994 aka gano shi, shi yake gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya a kwantar da hankali. Kitse na raguwa leftin ya sauka. Ciki kuma yana fitar da nasa, girelin, mai kiran yunwa, shi kuma sai ya hau. A wani bincike da aka fitar a 2011 likitoci a Melbourne ta Ostireliya sun sa mutum 50 a tsarin abinci mai tsanani na sati 10, suka rage wajen kilo 13, da aka sake auna jininsu bayan shekara guda cur homon ɗin yunwar nan bai koma daidai ba, yunwarsu ta fi ta kafin su fara. Shekara fa. Toh ki faɗa min wace juriya ce zata yi kokawa da yunwa shekara guda safe da dare ta yi nasara? Akwai kuma binciken da Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya fitar a 2016 akan mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a talabijin, suka zubar da kilo masu yawa cikin 'yan watanni, bayan shekara 6 mafi yawansu ƙibar ta dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori wajen 500 ƙasa da abin da ya kamata a kowace rana ko suna zaune. Nasu ya yi tsanani sosai, naki bai kai nan ba, amma hanyar ɗaya ce, jiki ya rage ƙonawa ya ƙara yunwa, ke kuma kin rasa tsoka wadda ita ma tana cin kalori, an gudu ba a tsira ba kenan.

Don haka ni ƙa'idata da duk wanda ya zauna gabana ita ce, duk abin da kika san ba zaki iya yi ba har shekara mai zuwa war haka, kar ma ki fara shi. Zaki iya rayuwa ba shinkafa har abada? A'a. Toh a bar ta a faranti a rage mata waje.

Mu zo kan adadin da kike nema. Da kilo 94 da tsawon 1.62, ma'aunin BMI ɗinki, wato awon nauyi idan aka gwada da tsawo, ya kusa 36, daga 30 ake cewa teɓa, na san ranki yana wajen kilo 65 ko 70. Ki ajiye wannan tukuna. Abin da zaki sa a gaba kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne na nauyinki cikin wata 6, wato kilo 5 zuwa 9. Na san zaki ce ɗan wannan? Akwai babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, mutum sama da 3,000 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, wasu aka ba su maganin suga na metformin, wasu aka ce su rage kashi 7 na nauyinsu su riƙa motsa jiki minti 150 a sati. Cikin kusan shekara 3 masu magani haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 31, masu gyara ci da tafiya ya ragu da kashi 58. Kashi 7 naki bai kai kilo 7 ba. Hawan jini, ciwon gwiwa, minshari, kitsen hanta, duk suna fara sauƙi tun a wannan matakin, tun kafin mutane su fara cewa kin rame. Rabin kilo a sati ya isa, kuma wannan giɓin kalori 500 ne a rana, ba 1,800 ba.

Ina za a samo 500 ɗin ba tare da yunwa ba? Bari in baki labarin wata baiwar Allah da ta zo min tana rantsuwa ita ba ta cin komai amma ko iska ta shaƙa sai ta zama kitse. Ban yi mata musu ba don na san ba ƙarya take ba, haka take gani. Nace taje kwana uku duk abin da ya wuce maƙogwaronta ta rubuta a waya a lokacin, ba sai dare ba, kuma ranar da zata yi girki ta zuba mai a kofi daidai yadda ta saba tuttulawa a tukunya, sannan ta auna da cokalin cin abinci kafin ta juye. Ta dawo tana dariya tana rufe fuska. Cokali 9 a tukunyar mutum huɗu. Cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, ko wane irin mai ne, har man zaitun da ake ta yabo, don giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci da furotin 4. Kinga tukunyar nan ta sha sama da kalori 1,000 na mai kaɗai. A rubutun kuma ga shayi kofi uku da sukari cokali uku-uku da madara, ga ragowar abincin yara da take lashewa a tsaye wai kar a yi asara, ga ɗanɗanon gishiri sau biyar, ga lemon kwalba ɗaya da rana saboda zafi. Farantinta na gaskiya kuwa ɗan mitsitsi ne, shi kaɗai take lissafawa. Ba ita kaɗai ba, tun 1992 aka yi bincike a New York akan masu cewa suna cin kaɗan basa ramewa, aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi. Matar nan bamu taɓa farantinta ba a watan farko, mai muka mayar cokali 4, lemo muka cire, sukarin shayi ya koma cokali ɗaya, ragowar yara kuma ta koma firij.

Abin sha shine farkon inda zaki duba, don kalorin da aka sha baya ƙosarwa kamar wanda aka tauna. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana da sukari wajen giram 35. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 tace sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 na kalorin yini, in son samu ne ƙasa da kashi 5, wajen giram 25 kenan, ƙaramin cokali 6. Gwangwani ɗaya ya wuce da ke. Kuma zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin wannan lissafin, kar a ruɗe ki da cewa na gargajiya ne ko na halitta, ki ci lemon zaƙin da zare-zarensa ya fi ki matse huɗu ki shanye a minti ɗaya.

Sai farantin kansa. Ki koma cin abinci sau uku, ko biyu masu kyau in haka ya fi miki, amma wannan sau ɗayan da yake sa ki wuni kina jiri da dare ki faɗa wa tukunya, a bar shi. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata furotin, kwata sitaci kamar girman dunƙulen hannunki. Furotin ɗin nan shine abin da mata da yawa suke wasa da shi alhali shi ya fi komai riƙe ciki kuma shi yake kare tsoka lokacin da nauyi ke sauka, ƙwai, kifi, kaza, nama mara kitse, wake, yogot mara sukari, ki tabbata akwai ɗaya a kowane ci musamman da safe. Shayi da burodi zalla ƙarfe goma sha ɗaya zaki fara neman abin taɓawa, ki ƙara ƙwai biyu ki rage burodin ki ga bambanci. Wake ma riba biyu ne, ga furotin ga faiba, wannan zare-zaren da hanji baya narkarwa da wuri, shi yake sa ƙoshi ya daɗe. Ki fara cin ganyen da furotin, sitaci ya zo ƙarshe, ki ci a zaune, ba waya a hannu.

Kayan leda da na kwali kuma, biskit, cincin ɗin kamfani, soyayyen dankalin leda, kek, tsiran gwangwani da sauransu, akwai gwajin da Kevin Hall ɗin nan dai ya fitar a 2019 da yake burge ni. Mutum 20 aka ajiye a asibitin bincike wata guda, sati biyu ana basu abincin masana'anta sati biyu dafaffen abinci daga kayan asali, an daidaita sukari da mai da gishirin da aka ajiye musu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A satin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana ba tare da sun sani ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya satin biyun suka rage kusan kilo ɗaya. Babu wanda yace musu su rage ci. Shi yasa nake cewa yaƙin a kasuwa ake cinsa, abin da bai shigo gida ba ba zaki neme shi sha ɗayan dare ba.

Maganar ko kito, wato tsarin yanke sitaci, ya fi, ko rage mai, ko tsarin ci cikin awa 8, kar ki wahalar da kanki. Jami'ar Stanford ta gwada mutum 609 shekara guda, rabi suka rage sitaci rabi suka rage mai, sakamakon 2018 ya nuna waɗancan kilo 6 waɗannan kilo 5 da ɗan wani abu, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wanda kika iya zama da shi shine naki.

Yanzu tumbi. Gaskiya ɗaya ce, babu motsa jikin da yake zaɓar kitsen ciki ya ƙona shi kaɗai. Ko zaki yi kwanta-tashi 200 kullum tsokar da ke ƙarƙashi ce zata yi ƙarfi, kitsen yana nan a kai sai jiki gaba ɗaya ya fara sauka, kuma shi jiki yake zaɓar inda zai fara ɗiba, gado ne, wata fuska ce take fara faɗawa wata cinya. Bel ɗin matse ciki da leda da ake naɗawa a yi gumi, ruwa ne yake fita, kofi biyu kika sha ya dawo. Kitse ba ta gumi yake fita ba ma, in ya ƙone mafi yawansa, sama da kashi 80, iska yake zama ki fitar ta numfashi, sauran ruwa. Bayan haihuwa uku kuma mai yiwuwa wani ɓangare na tumbin rabuwar tsokar ciki ce, in kika kwanta rigingine kika ɗaga kai kika ji yatsu biyu ko fiye suna nutsewa a tsakiya saitin cibiya, ki ga likitan gashin ƙashi da motsa gaɓɓai kafin ki fara kwanta-tashi don zai iya ƙara buɗa ta. Labari mai daɗi shine kitsen da ke can ciki kewaye da hanji da hanta, wanda shine mai haɗarin, yana cikin masu saurin amsawa ga tafiya da rage ci. Ki samu tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu saitin cibiya duk sati biyu, burin ƙarshe ya zama ƙasa da rabin tsawonki, wato santimita 81.

Motsa jiki shi kaɗai baya rage nauyi sosai, gara ki sani tun yanzu kar ki yi fushi da shi. Tafiyar minti 30 da ɗan sauri ga mai nauyinki bata wuce kalori 150 zuwa 200 ba, lemo ɗaya ya biya bashin. Amma wajen hana ƙiba dawowa, wanda shine ainihin matsalarki, nan yake da tasiri. Akwai rajistar da aka buɗe a Amurka tun 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka riƙe shekara ko fiye, yanzu sun haura 10,000, hanyoyin da suka bi suka rage daban-daban ne amma wajen riƙewa sun yi kama, kusan 9 cikin 10 suna motsa jiki wajen awa guda a rana kuma mafi yawa tafiya ce kawai, kashi uku cikin huɗu suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a sati. Ke ki fara da minti 15 bayan cin abinci, da saurin da zaki iya magana amma ba zaki iya waƙa ba, ki riƙa ƙara minti 5 duk sati har ki kai minti 150 zuwa 300 a sati yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Da kilo 94 ban so ki fara da gudu ko tsallen igiya, gwiwa zata kawo ƙara ki kwanta sati uku shikenan an koma gidan jiya. Kwana biyu a sati kuma na ƙarfafa tsoka, ba sai kin je jim ba, zauna-tashi akan kujera sau 10, tura bango sau 10, ɗaga robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, ki zagayo sau uku. Kar ki ji tsoron zaki yi ƙwanji irin na maza, ko kina so ma ba zai zo da sauƙi haka ba.

Baki faɗi awa nawa kike barci ba, amma mai yara uku na san amsar. A Chicago an gwada mutum 10 da abinci iri ɗaya, sati biyu suna samun awa 8 da rabi a gado sati biyu awa 5 da rabi, nauyin da suka rage kusan ɗaya ne amma a lokacin ƙarancin barci kitsen da ya tafi ya ragu da fiye da rabi, sauran daga tsoka aka ɗiba, ga yunwa ta ƙaru. Ki nemi awa 7 ko da zaki sadaukar da kallon dare.

Shayin nan kuma don Allah ki zubar. Mafi yawansu ganyen sanna ne dangin filasko, zawo yake sawa, ko kuma abin sa fitsari, kalorin abinci ya riga ya shige jini a ƙaramin hanji kafin shayin ya fara aikinsa a babban hanji, abin da kike asara ruwa ne da gishirin jiki irin su fotasiyam wanda zuciya ke buƙata. Mafi muni an sha kama wasu kayan rage ƙiba da aka ce ganye ne zalla an cusa musu sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In kin taɓa jin zuciyarki na dukan uku-uku ko bakinki na bushewa ko barci ya ƙaurace bayan kin sha, ki gaya wa likita.

Dama kafin ki fara komai ina so kije a auna miki hawan jini da suga, a duba homon ɗin maƙoshi wato tayiroid musamman in kina yawan kasala da jin sanyi da zubar gashi, in al'adarki tana wasa ga gashi a haɓa a duba PCOS, wato matsalar homon da ke shafar ƙwan mace. Ki tafi da duk maganin da kike sha, su prednisolone da dexamethasone, insulin, wasu magungunan damuwa da na farfaɗiya, allurar tazarar haihuwa ta wata uku, duk suna iya ƙara nauyi, amma kar ki tsayar da ko ɗaya da kanki, likita ne zai canza. In kina shayarwa ko kina shan maganin suga adadin abincin da na faɗa sai an gyara miki shi. Alluran rage ƙiba da ake yayi yanzu irin su Wegovy da Ozempic suna aiki da gaske, a gwajin da aka fitar a 2021 mutane sun rage wajen kashi 15 na nauyinsu cikin sati 68, kuma da BMI ɗinki kina cikin waɗanda likita zai iya duba wa, sai dai waɗanda aka bibiya bayan sun daina, kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara, ga jabu sun cika intanet.

Wajen wata na uku ko na huɗu sikeli zai tsaya cak, sati biyu uku ba motsi, ina gaya miki tun yanzu don kar ki ce ya sake lalacewa. Jikin kilo 87 baya ƙona abin da na kilo 94 yake ƙonawa, sannan cokalin mai yana da halin komawa tuttulawa a hankali ba ki lura ba. Kwanakin al'ada ma ruwa kaɗai zai iya ƙara miki kilo 1 zuwa 2, shi yasa rana ɗaya a sati zaki riƙa hawa, da safe bayan kin zaga kafin ki ci komai, sikeli ɗaya waje ɗaya. In ya tsaya sati uku a jere kuma tef ma bai motsa ba, ki sake rubutun kwana uku ɗin nan, ɗaya a ciki ya zama ranar hutu, ki turo min tare da awon ƙugunki da sakamakon gwajin jinin mu ga inda ya ɓuya.